Giyar gwangwani da zafin Binuwai: yadda nake zaɓa kafin mu shiga kwale-kwale

A Numan aka haife ni, inda Gongola ke zuba ruwanta cikin Binuwai, kuma tun ina saurayi bazara ba ta wuce ni ban shiga kogi ba. Litinin ɗin Ista ta Galili ce, wato fitar da jama'ar coci ke yi, waƙa da addu'a da shinkafar mata, ba a kai mata giya. Tamu ta abokai sai Asabar ɗin da ta biyo baya. Mu shida ko bakwai mu yi shatar kwale-kwale, mu haura har mu sami tsibirin yashi da ruwa ya janye ya bari, mu kafa rumfa, mu gasa kifi, mu wuni. Shekara da shekaru ni ake damƙa wa kuɗin abin sha, kuma abin da na koya a wannan aikin shi zan faɗa.

Na san mafi yawan masu karanta Hausa ba sa shan giya, addini ya hana su, kuma ko a cikinmu Kirista akwai ɗarikun da ba su yarda da ita ba. Ban rubuta don in kwaɗaita wa kowa ba. Na rubuta ne saboda waɗanda na tabbata za su ɗauke ta su shiga jirgi ko na yi magana ko na yi shiru, a Numan, a Ibi, a Makurɗi, a Lokoja. Gara su san wadda za su ɗauka da wadda za su bari a shago.

Sai ka fara sanin irin ranar da za ka shiga. A watan Maris da Afrilu zafin ƙasar Adamawa yakan haura digiri 40, kuma wannan lissafin inuwa ne. A kan kogi rana biyu ke dukanka, ta sama da wadda ruwa da farin yashi ke maido maka a fuska. Iskar da ke kaɗawa tana busar da zufa tun ba ka ji ta ba, sai ka ɗauka ba ka yi gumi ba alhali jikinka na zubar da ruwa tun safe. Giyar da kake sha da daddare a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, bayan ka ci tuwo ka ƙoshi, in ka kawo ta nan wata aba ce daban. Shi ya sa ba na tambayar abokaina wadda suka fi so. Na san wadda kowa ya fi so, kuma yawanci ita ce ba zan saya ba.

Maganar kwalba gajera ce: ba ta shiga jirginmu. Da can muna ɗaukar kiret, har ranar da wani yaron masunta, bai fi shekara takwas ba, ya taka fasasshiyar kwalba da wasu suka binne a yashi kusa da inda muka sauka. Na ɗaure masa ƙafa da rigata, jini na ɓulɓula, uwarsa na kuka a ƙetare. Ba kwalbarmu ba ce, amma irin tamu ce sak. Gilashi a yashi ba ya ruɓewa, ba ya dusashewa, yana nan yana jiran ƙafar wani har shekara goma. Tun daga ranar sai gwangwani. Daga baya na ga sauran amfaninsa. Ba shi da nauyi, wofinsa bai kai giram 20 ba, ga kiret kuwa sai mutum biyu sun kama. Babu kuɗin kwalba da za ka ajiye wa mai shago. Yana saurin ɗaukar sanyi domin alminiyum ne siriri. Sannan yana tare haske gaba ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: akwai wani fure mai ɗaci da ake sa wa giya, in hasken rana ya ratsa gilashi ya same shi sai ya rikiɗe ya ba da wari kamar na jaɓa. Koriyar kwalba da fara su suka fi kamuwa, cikin ɗan lokaci kaɗan a rana. Gwangwani ba ruwansa da wannan. Masu cewa yana sa giya ɗanɗanon ƙarfe, bakin gwangwanin suke ji a leɓe, domin cikinsa a shafe yake da wani siririn rufi da ya raba giyar da ƙarfen. Wanda abin ya dama ya juye a kofin roba.

To, ga ainihin abin da na zo faɗa. In ka ɗauki gwangwani a shago, kada ka tsaya kallon sunansa da adonsa. Juya shi ka nemi wata ƙaramar lamba mai alamar kashi cikin ɗari, a gefe ko a ƙasa. Ita ce ke faɗa maka yawan barasar da ke ciki, kuma ita ce za ta yanke maka hukunci. Yawancin lagar da muka saba da ita, su Star da Gulder da Heineken da Trophy, wajen kashi 5 suke. Baƙar giya, Guinness irin tamu ta Najeriya, kashi 7.5 ce. Star Radler, mai sirkin lemo, kashi 2. A ido bambancin kamar ba yawa, amma yi lissafi. Gwangwani mai santilita 33 na kashi 5 yana ɗauke da tsurar barasa mililita 16 da rabi. Irinsa na kashi 7.5 ya kusa mililita 25. Na kashi 2 bai kai mililita 7 ba. Wato wanda ya sha baƙa uku daidai yake da wanda ya sha laga huɗu da rabi, daidai kuma da wanda ya sha Radler goma sha ɗaya. Shi kuwa a ransa uku kawai ya sha, kamar kowa.

Na ga wannan lissafin da idona a jikin ɗan kawuna. Mutum ne ƙaƙƙarfa, a kogin nan ya girma, yana ƙetare Gongola da iyo. Shekarar ya zo da baƙarsa a jaka domin ya ce laga ruwa ce. Ya sha uku tsakanin sha ɗaya da ƙarfe ɗaya na rana, cikinsa babu komai sai gyaɗa. Bai yi tangaɗi ba, bai yi surutu ba, babu wanda ya ce ya bugu. Da muka tashi komawa, jirgi ya ɗan bar gaɓa, ya miƙe tsaye zai gyara tabarma. Jiri ya ɗebe shi, ya faɗa ta baya. Wurin kuwa irin gurbin nan ne da yashi ke yankewa farat ɗaya, daga gwiwa sai ya shanye mutum biyu a tsaye. Mutumin da ya iya ruwa fiye da mu duka, na ga yana ɗaga hannu bai san inda sama take ba. Tsohon da ke tuƙa mu shi ya miƙa masa gora, muka jawo shi. Da ya gama amai, tsohon ya dube shi ya ce, "Ɗana, iya ruwa fidda kai. Yau ba kai ka fidda kanka ba." Ɗan kawuna ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Baba." Bai sake kawo baƙa kogi ba, ni ma ban sake barin kowa ya kawo ba.

Abin da ya same shi ba asiri ba ne. Barasa tana hana ƙwaƙwalwa sakin wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita a daidai lokacin da zufa ke kwashe sauran. Iya ƙarfin giyar, iya yawan ruwan da za ta fitar maka. Tana kuma buɗe jijiyoyin jini na fata, zafi ma haka yake yi, su biyun in sun haɗu sai jini ya yi ƙasa, mutum na miƙewa ya ga duhu. Tana taɓa can cikin kunne inda jiki ke auna daidaiton tsayuwa, shi ya sa wanda ya faɗa ruwa da maye yake rasa gane sama da ƙasa. A tudu, ƙarshen abin mutum ya zauna daɓas a yi masa dariya. A kogi babu inda zai zauna.

Don haka dokata ita ce, abin da ya haura kashi 5 ba ya shiga kula, wato akwatin ƙanƙara, kuma in na sami ƙasa da haka shi na fi so. Ina son baƙar giya, ba na ɓoyewa. Tun 1962 aka kafa mata masana'anta a Ikeja, da dawarmu ake yin ta, kuma da sanyin hunturu a gefen wuta babu kamarta. Amma nauyinta da kaurinta ba na bazara ba ne. Haka su Legend da duk wata baƙa. Haka nan waɗannan na gwangwani masu zaƙi da ake haɗawa da ganyaye ko da giya mai zafi, su ne ma suka fi yaudara, domin zaƙi yana rufe barasa, mutum ya yi ta kwankwaɗa kamar lemo. Duba lambarsu, za ka ga wasu sun fi laga ƙarfi. 'Yan ƙananan ledoji da kwalaben ogogoro kuwa, duk wanda na gani da su a aljihu a bakin kwata, sai ya zaɓa, ko su ko jirgi.

Abin da nake saya kashi biyu ne. Rabi laga marar nauyi, fara, mai ɗan ɗaci kaɗan. Akwai masu ɗauke da kalmar Lite a sunansu, waɗannan yawanci sun ɗan gaza laga ta kullum ƙarfi, amma kada ka yarda da sunan, karanta lambar. Ɗaya rabin kuma Radler. Wasu abokaina sun raina ta da farko, wai ta mata ce. Asalinta daga Jamus take, kalmar na nufin mai tuƙa keke, giya ce da aka sirka da lemo domin wanda ke cikin rana kuma yana da sauran tafiya a gabansa. Wannan kuwa mu ne. In ban samu ba, sai in haɗa shandi da kaina a kofi, rabi laga rabi farin lemo irin su Sprite ko 7Up, ƙarfin ya ragu da rabi nan take. Aibinta ɗaya ne, sukari. In ka jera huɗu zaƙin zai gundure ka, ya kuma ƙara maka ƙishirwa, kuma mai ciwon sukari ya kiyaye ta.

Akwai wata hanya da nake gwada laga kafin in yarda da ita, kuma ina ganin ta fi duk wata talla. In sayi guda ɗaya, in buɗe, in sha rabi da sanyinta, in ajiye sauran a inuwa minti goma sha biyar, sannan in sake kurɓa. Kowace giya tana da daɗi in tana da sanyin ƙanƙara, domin sanyi yana kashe harshe. A kogi kuwa ba za ta zauna da sanyi a hannunka ba. Wadda ta huce ta zama kamar ruwan sukari mai yauƙi, ba ta kogi ba ce. Wadda ta huce amma ɗan ɗacinta ya tsaya, bakinka ya rage a wanke, ita za ka ɗauka. Harshen kowa daban, shi ya sa ban kama suna a nan ba. Ka gwada biyu ko uku a gida tun saura mako guda.

Girman gwangwani ma abin dubawa ne. Ɗauki ƙarami mai santilita 33, ka bar dogon. A zafin nan, kafin ka kai rabin dogon ya zama ruwan ɗumi, sai ɗayan biyu: ko ka zubar, ko ka yi sauri ka shanye kada ya huce, kuma saurin shi ne matsalar. Ƙarami kuma yana sauƙaƙa ƙidaya. Mu da muka saba da babbar kwalba mai santilita 60 mu riƙa tunawa kwalba ɗaya ta kusa gwangwani biyu.

Inda ka saya yana da muhimmanci kamar abin da ka saya. Gwangwani yana tare haske amma ba ya tare zafi, kuma zafi yana tsufar da giya da wuri, ta koma tana ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Shagon da ya jera katon a waje rana na gasa su don a gani daga titi, wuce shi. Nemi wanda kaya ke fita da sauri kuma ma'ajiyarsa na cikin inuwa. Kifa gwangwanin ka duba gindinsa, nan ake buga ranar da aka yi da ranar da zai lalace, ka ɗauki mafi sabunta. Wanda ya kumbura, ko ya lotsa a bakin ɗinki, ko katon ɗinsa ya yi danƙo alamar wani ya tsiyaye a ciki, mayar da shi. Ni nakan sa mai shago ya yaga ledar a gabana, in ce, "Yallaɓai, ba rashin yarda ba ne, kogi za mu, babu dawowa canji." Ba wanda ya taɓa ƙi. In ka kai gida ka wanke su duka da ruwa da sabulu, musamman saman da baki ke taɓawa. Ma'ajiyar shago gidan ɓera ne da kyankyaso, ga ƙura, kuma ruwan ƙanƙarar da za su kwanta a ciki shi ne hannun kowa zai yi ta shiga.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sanyaya giya aikin daren jajibiri ne. In ka zuba gwangwani mai zafi a kan ƙanƙara da safe, rabin ƙanƙarar za ta ƙare wajen sauke masa zafi tun ba ku bar kwata ba. Sa su a firji tun daren, in babu wuta ka kai wa masu sayar da ƙanƙara su ajiye maka ka biya su. Amma kada a bar su su daskare, gwangwani yana fashewa, wanda bai fashe ba kuma in ya narke iskarsa ta tafi. Abin da za ka daskarar shi ne ruwan leda. Jaka ɗaya guda 20 ce, lita 10 ke nan. Nakan sayi jaka biyu ko uku, in daskarar da ɗaya ta yi tauri kamar dutse. Ita ce ƙanƙarata, in ta narke kuma ita ce ruwan shanmu mai tsabta. Ban san wata dabara da ta fi wannan amfani a tafiyar kogi ba. In za ka ƙara da ƙanƙarar saye, ɗauki babban dunƙule, kada a farfasa maka, domin ƙanana suna saurin narkewa.

Wajen shirya kula, daskararrun ledoji a ƙasa, gwangwanaye a tsakiya, sauran ƙanƙara a sama, domin sanyi ƙasa yake gangarowa. Ƙanƙara ta fi giya yawa, kamar kashi biyu da ɗaya. Cika kular har baki, wurin da ya rage fanko a cusa masa tsumma mai tsabta, iska a ciki ita ke cin ƙanƙara. In ta fara narkewa kada ka tsiyaye ruwan, ruwan sanyin ya fi iska riƙe gwangwani. A jirgi a sa ta ƙasa a tsakiya, a ɗaure, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa masa ruwan kogi. A tsibiri kada a ɗora ta a kan busasshen yashi, wanda da rana tsaka ko tafin ƙafa ba ya iya takawa. A tona har a kai danshi, a zaunar da ita a ramin, ƙarƙashin rumfa. Mutum ɗaya ne mai buɗe ta, kuma ya buɗe ya rufe.

Wani zai ce me ya kai mu wannan wahalar, ga kogi, a zura su a ruwa mana. Na san inda aka samo wannan. Masu bin kogin Kolorado a Amurka, a cikin babban kwazazzabon nan na jihar Arizona, suna zuba gwangwanaye a jakar raga su ɗaura a bayan jirgi, su yi sanyi ƙalau. Amma ruwansu daga ƙasan madatsar Glen Canyon yake fitowa, shekaru da yawa wajen digiri 10 yake ko da tsakar zafi. Binuwai a watan Afrilu, ruwan bakin gaɓa kamar na wankan jariri yake. Abin da zai yi maka kawai shi ne ya sauke gwangwanin da ya gasu a rana ya maido shi ɗumi. In ƙanƙara ta ƙare, dabarar randa ta fi: naɗe gwangwani da jiƙaƙƙen tsumma, ka rataye a inuwa inda iska ke bugawa. Ruwan da ke bushewa shi ke janye zafin, kamar yadda tulu ke sanyaya ruwa. A Maris, da iska take a bushe, yana aiki sosai. In damina ta matso iska ta yi nauyi, aikinsa ya ragu. In kuma kana da ƙanƙara kana son sanyi da gaggawa, zuba ta a bokiti da ruwa da gishiri cikin tafi biyu, ka nutsa gwangwanin kana juyawa, cikin minti goma ya yi. Sai dai gishiri yana cinye ƙanƙara da sauri, ba abin yi a babbar kula ba ne. Gwangwanin da ya sha girgiza a mota ko a jirgi kuma, a bar shi ya huta kafin a buɗe, in ba haka ba rabinsa kumfa ne a yashi.

Yanzu ƙidaya, wadda ita ce ke jawo mini gardama duk shekara. Hantar mutum tana bukatar wajen awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ta gama da barasar gwangwani ɗaya na kashi 5, kuma babu abin da ke ƙara mata sauri, ko wanka, ko goro, ko baƙin shayi. Tafiyarmu daga tara na safe ce zuwa huɗu na yamma. Saboda haka uku nake lissafa wa kowane mai sha, ba ƙari. In masu sha huɗu ne, gwangwani 12 ke shiga kula, ko da katon 24 na saya, sauran suna gida. Abin da ba a kawo ba ba a shan sa, kuma na gane wannan ya fi wa'azi a tsibiri aiki. Ruwa kuwa lita 3 ga kowane mutum shi ne mafi ƙanƙanta, kuma ba na miƙa wa kowa gwangwani na biyu sai na ga ya shanye leda ɗaya ta ruwa. Ka riƙa lura da fitsarinka, in ya yi ja kamar shayi ka ajiye giya ka koma ruwa. Nakan tafi da sukari da gishiri a ƙulli: ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa, ga duk wanda ya fara ciwon kai ko ɗaurewar nama. In mutum ya fara sambatu, ko jikinsa ya yi zafi zau, wannan ya wuce ruwan gishiri: a kai shi inuwa, a jiƙa shi sharkaf, a yi masa fifita, a juya jirgi a nufi asibiti.

Kada a sha da yunwa. Gasasshen kifi, kilishi, ƙuli-ƙuli, burodi, duk suna rage saurin shigar barasa jini, gishirinsu kuma yana maye gurbin wanda zufa ta kwashe. Kankana da mangwaro lokacinsu ne, a cika buhu.

Akwai kula ta biyu, kuma ba na wasa da ita. A cikinta Maltina ce da Malta Guinness da Fayrouz da lemo da ruwa, launinta ma daban da ta giya don kada hannu ya yi kuskure. Cikin abokan tafiyarmu akwai Musulmi biyu da muka yi makaranta tare, akwai wanda likita ya hana saboda hawan jini, wani lokaci akwai matanmu da yara. Wanda ba ya sha bai kamata ya tura hannu cikin giya kafin ya sami abin jiƙa maƙogwaro ba, kuma ba a yi masa tayi, ko da wasa. Yaron da bai kai 18 ba da mace mai ciki, kular farko ba tasu ba ce. A 2023 da 2024 Ista ta faɗo cikin azumin Ramadan, matuƙinmu kuma yana azumi. Shekarun nan biyu mun bar giya a gida gaba ɗaya, muka tafi da ruwa da maltina, muka sha a bayan rumfa, muka ba shi nasa ya tafi da shi shan ruwa. Mutumin da ke tuƙa ka a ranar digiri 40 bakinsa a bushe, ba ka buɗe gwangwani a gabansa yana jin ƙarar. Masu zaƙin nan kuma ƙudan zuma da zanzaro suna son su, suna shiga ta bakin gwangwani ba ka gani ba. A rufe da tafin hannu ko a juye a kofi, musamman na yara.

Matuƙi ba ya sha, ko ɗigo, ko shi mashayi ne a gida. Wannan sharaɗi ne da nake gindayawa tun wajen ciniki, in ce, "Baba, naka yana nan, sai mun sauka in ba ka ka tafi da shi." Cikinmu ma mutum ɗaya da ya iya ruwa yana haƙura ranar, muna yin karɓa-karɓa duk shekara. Ba a buɗe gwangwani jirgi na tafiya. Kwale-kwale ba ya son mai miƙewa, ba ya son mai jingina gefe yana miƙa wa wani abu. Sai an sauka, an kafa rumfa. Wanda zai yi iyo ya yi tun da farko, ya gama, ya fito, sannan ya karɓi nasa, kuma daga ya sha ɗaya ruwa ya wuce masa gwiwa ya haramta gare shi. Binuwai ta bazara tana da fuskar salihai, ta yi ƙasa, ta yi shiru, amma guraben nan suna nan, igiyar ruwa na bi ta ƙasa, dorina ma ba ta bar kogin ba. In matuƙi ya ce kada a sauka a wuri kaza, ba a tambayarsa dalili. Da ƙarfe biyu nake rufe kular giya in zauna a kanta, domin a sami awa biyu cur kafin a koma jirgi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da shiga jirgi babu rigar kariya. Mun haɗa kuɗi mun sayi namu riguna, domin ba kowane mai jirgi ke da su ba, kuma a tafiyar dawowa, lokacin da kowa ya gaji rana ta dafa shi, nan nake bi ɗaya bayan ɗaya in ja igiyar kowa in tabbatar ta ɗauru.

Duk wannan maganar ta rani ce. Daga Agusta zuwa Oktoba, kogi ya cika ya batse, in an saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru kuma sai abin da Allah ya yi, babu tsibiri, babu yawon shaƙatawa.

Kafin mu bar yashi nakan ƙirga wofin gwangwanaye. Goma sha biyu suka zo, goma sha biyu za su koma, haka na maltina da na lemo, haka ledojin ruwa, waɗanda su suka fi saurin bin iska su faɗa kogi su shiga komar masunta. A taka kowane gwangwani ya lotse, a zuba a buhun da aka lulluɓe kula da shi. Kada a binne, ruwan damina zai tono shi. Kada a ɓalle ɗan marfin a yar, an yi shi ne ya zauna a jikin gwangwanin. In mun iso kwata akwai yara masu tara wa 'yan gwangwan, su nake miƙa wa buhun, a auna musu a kilo, daga can ya tafi wajen masu narka alminiyum su zuba tukwane. Sannan in buɗe kula ta biyu in ciro wa Baba nasa mai sanyi, in biya shi cikon kuɗinsa, mu yi sallama tun rana ba ta faɗi ba.